Maɗaukin tsakiya da ya mutu: fiye da shekara guda ana gyaran wata tsohuwar jitar lantarki a Kano

Asalin jitar da yadda ta iso

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin sakandare ne a Kano. Yana taɓa kiɗan jita a gida, kuma kafin wannan lamari yana da jitoci biyu masu araha ƙirar Sin waɗanda bai taɓa kwance ko kusa ɗaya a jikinsu ba. Ta ukun gado ce. Kawunsa, wanda ya yi shekaru yana kiɗa da wata ƙungiya a otal-otal na Legas, ya rasu ya bar ta cikin akwatinta a ƙarƙashin gado, inda ta shafe fiye da shekara ashirin ba a buɗe ta ba. Da aka zo rabon kaya babu wanda ya nuna sha'awarta, sai aka ɗoro ta a mota aka aiko masa a watan Oktoba, daidai ɗaukewar ruwa.

Jitar Fender Stratocaster ce ƙirar Amurka. An fara ƙera wannan samfuri a 1954, kuma daga 1965 zuwa 1985 kamfanin yana hannun CBS, kamfanin watsa shirye-shirye na Amurka, zamanin da masu tara tsofaffin jitoci ba su ɗauke shi da daraja kamar shekarun da suka gabace shi ba. Alamun wannan zamani duk suna jikinta: faffaɗan kai, kusoshi uku maimakon huɗu a mahaɗar wuya da gangar jiki, fenti mai kauri, da lambar da ke kanta wadda ta fara da S7, abin da ke nuna wajejen 1977. Makunnin da ake zaɓar maɗaukan sautinta da shi mai matsayi biyar ne, wanda a wannan shekarar ya zama na ƙa'ida a samfurin.

A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maɗaukan sauti guda uku, na wuya da na tsakiya da na gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki. Kowane ɗaya sandunan maganaɗisu ne guda shida a tsaye tsakanin faifai biyu, an naɗe su da wayar jan ƙarfe mai lamba 42, wadda kaurinta bai wuce milimita 0.063 ba, zagaye sama da 7,000, wato waya mai tsawon kilomita guda da 'yan kai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kan maganaɗisun sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta a cikin naɗin, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. A wannan ƙira ta Fender wayar tana kwance ne kai tsaye a jikin sandunan, babu abin da ya raba su sai siririn shafen da ke jikin wayar.

Oktoba zuwa Nuwamba: alamun farko da gyaran gida

Da ya sa sababbin tsirkiyoyi ya jona ta, maɗaukin wuya da na gada suka yi magana yadda ya kamata. Na tsakiya kuwa sautinsa siriri ne, can ƙasa, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, kuma da zarar ya rage mamurɗin laushin sauti na tsakiyar sai sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Mamurɗin ƙara yana ƙarƙar idan an juya shi. Akwai kuma wani gurnani da ba ya raguwa ko da ya ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. Kawunan maganaɗisun, musamman na tsakiya, sun yi jajir da tsatsa.

Abin da idonsa ya gani shi ya fara bi. Ya goge tsatsar da soson ƙarfe na wanke tukunya, kawunan suka yi haske, amma sautin bai canza ba, sai ma ɓurɓushin soson da ya manne a maganaɗisun ya riƙa gangarawa ta gefen marufin. Sannan ya fesa wa mamurɗan man nan da ake sassauta noti mai tsatsa da shi. Ƙarƙar ɗin ya tafi na kimanin mako biyu, daga nan ƙurar hunturu ta samu maiƙon da za ta liƙe, ya dawo fiye da da.

Disamba: wajen mai gyaran rediyo

Mai gyaran rediyon unguwarsu ya yi abin da ya kamata a fara yi tun farko, ya sa mita. Ya buɗe mamurɗin ƙara zuwa ƙarshe, ya auna ta bakin soket. Maɗaukin wuya ya ba da kilo-om 5.7 a ma'aunin juriyar waya ga wuta, na gada 5.8, na tsakiya kuwa 238. Wannan adadi na ƙarshe ba na maɗaukin ba ne, na mamurɗin ƙara ne mai kilo-om 250, domin idan naɗi ya tsinke mita ba ta da hanyar bi sai ta cikin mamurɗin. Wannan ne kuma ya bayyana alamar da ta ɗaure wa malamin kai. Naɗin da ya tsinke ba ya yin shiru ɗungurungum, saboda zagayen wayar suna manne da juna har siririn ɓangaren sauti yana iya tsallake wurin tsinkewar; shi kuma mamurɗin laushi aikinsa ke nan ya zubar da siririn sauti, don haka idan aka rage shi babu abin da ya saura.

Ya sake narka dalma a ramuka biyun da bakin wayar ke shiga, ko a can ne haɗin ya saki, amma mitar ba ta motsa ba. Daga nan sai ya koma ga abin da yake da shi a shago. Ya ciro maɗauki daga wata karyayyar jitar Sin, irin mai baƙin maganaɗisu ɗaya liƙe a ƙasa, ya sa a gurbin na tsakiya. Ya cire mamurɗin ƙara ya maye shi da na rediyo mai kilo-om 500. Da hular mamurɗin ta ƙi shiga ya danna ta da ƙarfi, ta tsage ta ciki, domin sandar mamurɗin Amurka haƙora 24 gare ta, na kasuwa kuwa yawanci 18.

Jitar ta yi magana a duk matsayi biyar, amma ba maganarta ba. Na tsakiya ya fi sauran biyun ƙara nesa ba kusa ba. Mamurɗin 500 ya sa sautin duka ya yi tsini har yana soke kunne, tunda mamurɗi mai ƙaramin adadi ne ke rage wa irin waɗannan maɗaukai kaifi. Mafi muni shi ne matsayi na biyu da na huɗu, inda ake haɗa na tsakiya da maƙwabcinsa: sautin ya koma na hanci, babu kauri ko kaɗan. Dalili shi ne sabon maɗaukin yana tura wuta ta fuskar da tsofaffin ke ja, sai suna kashe wa juna kaurin sauti. Fuskar wutar maɗauki abu biyu ne ke yanke ta, ɓangaren da maganaɗisu ya fuskanta da kuma hannun da aka bi wajen naɗi, kuma launin wayoyi ba abin dogaro ba ne domin kowane kamfani da nasa. Mai rediyon ya bi launi.

Abu ɗaya aka yi sa'arsa a wannan rana. Tsohon maɗaukin da tsohon mamurɗin har sun shiga kwandon tarkace, malamin ya ce a ba shi su, ya ƙulle a leda ya tafi da su gida.

Janairu: wajen mai naɗin fanka, da abin da hunturu ya yi

Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya kai tsohon maɗaukin wajen masu riwayin, tunda naɗi ne kamar na fanka. Mai naɗin ya yanke tsohuwar wayar da reza. A nan aka ga asalin ciwon: sandunan biyu na ƙarshe sun yi tsatsa har ciki, kuma wayar da ke manne da su ta yi kore ta rududduge. Laimar Legas, wadda ba ta cika sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ba, haɗe da gumin hannun makaɗi da ya daɗe yana sauka a wurin, su suka ci shafen wayar daga ciki.

Mai naɗin ya iya aikinsa, naɗinsa ya fito sumul. Sai dai mafi sirancin wayar da yake da ita mai lamba 38 ce, kaurinta kusan milimita 0.1, don haka gurbin ya cika tun yana wajen zagaye 3,000. Mita ta nuna ƙasa da kilo-om 1. Ƙarfin wutar da maɗauki ke bayarwa yana tafiya ne da yawan zagaye, saboda haka wannan bai kai rabin ƙarar 'yan uwansa ba. Kuma a kan tsatsar ya yi naɗin, bai kankare ta ba, bai shafa komai ba. Malamin ya gwada shi kwana uku ya cire, ya mayar da na Sin.

A daidai wannan lokaci wata matsala ta ɓullo wadda ba ta shafi wuta ba. Itacen da ya sha laimar teku shekara da shekaru ya shigo hunturun Kano, inda laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon fuskar wuya ya tsuke, ƙarafunan da ke gicciye a kansa kuwa ba sa tsukewa, sai bakunansu suka leƙo ta gefe suna yankar tafin hannu. Wuyan ya ƙara lanƙwasa gaba, tsirkiyoyi suka yi sama har danna su ya zama aiki. Malamin ya karanta cewa akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake ɗaurewa don miƙar da shi, ya sayo makullin milimita 3, ya ji yana zamewa a cikin notin, sai ya dakata. Wannan noti na ma'aunin inci ne, ɗaya bisa takwas, wato milimita 3.18, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya cinye haƙoransa da an ci gaba.

Fabrairu zuwa Afrilu: tsohon mai gyaran kayan kiɗa

Ta hannun wani mai hayar lasifika ya samu labarin wani dattijo a Sabon Gari, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyara wa ƙungiyoyin kiɗa amfilifaya. A zaman farko dattijon bai kunna ƙarfen dalma ba. Ya zana yadda wayoyi suke a takarda, ya ɗora kamfas a kan kowane maɗauki ya rubuta ɓangaren da allurar ta nuna, ya duba hannun naɗin tsofaffin biyu, sannan ya nemi ledar. A bayan tsohon mamurɗin akwai lamba da ta fara da 137, alamar kamfanin CTS mai ƙera mamurɗai, sai 77, sai lambar mako. Sauran biyun da ke jikin jitar ma haka. Ya wanke su duka da ruwan wanke haɗin lantarki wanda ba ya barin maiƙo, ya yi ta juya su har ƙarƙar ya ɓace, ya mayar da tsohon gurbinsa. Bai lalace ba tun asali, datti ne kawai.

Batun wuya kuwa ya ce a jira. Ya sa malamin ya huda kwanon sabulu ya saka jiƙaƙƙen soso a ciki, ya ajiye cikin akwatin tare da ƙaramin ma'aunin laima, a riƙa neman kashi 45 zuwa 55, kuma jitar ta daina kwana a jingine da bango. Bayan mako uku lanƙwasar ta ragu da kanta. Sai a lokacin ya sa makullin da ya dace, ya sassauta tsirkiyoyi, ya murɗa rubu'in zagaye ya bari ta kwana, washegari ya ƙara wani rubu'in. Da aka danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, ratar da ke tsakiya ta tsaya a milimita 0.3.

Waya mai lamba 42 ba a same ta a kasuwa ba, sai da wani ɗan uwan malamin da ke fatauci ya taho da ita daga waje, aka yi mako shida ana jira. Kafin ta iso dattijon ya warware naɗin mai fanka, ya kankare tsatsar sandunan ba tare da ya tura ko ɗaya daga gurbinsa ba, ya shafe su da banish, ya bari suka bushe, ya zagaye su da siririn tef domin kada waya ta sake taɓa ƙarfe. Injin naɗinsa tsohon keken ɗinki ne na hannu. Ya liƙa maɗaukin a jikin ƙafar juyawa, ya ɗaura ɗan maganaɗisu a gefenta, ya jona wani ƙaramin makunni da maɓallin jimla na kalkuleta, ta yadda duk zagaye ɗaya adadi zai ƙaru da ɗaya. Wayar kuwa tsakanin yatsunsa biyu take bi, yana kai ta dama da hagu. Karon farko ta tsinke a wajen zagaye 3,000, bai yarda ya ƙulla ba, ya yanke ya faro daga farko.

Malamin ya zo da adadin da ya gani a intanet, kilo-om 5.8, yana so a tsaya a kansa. Dattijon ya ce masa, “Malam, wannan a ɗakin sanyi aka auna shi.” Juriyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a duk digiri ɗaya na zafi, kuma a shagon ranar ana digiri 38. Ya cire wayar tsofaffin biyu ya auna su a gabansa, suka ba da 6.2 da 6.3, su ɗin da suka ba da 5.7 da 5.8 a Disamba. Kaɗan daga bambancin na cire mamurɗi daga hanya ne, mafi yawansa kuwa na zafi. Da an tsaya a 5.8 cikin wannan zafi da naɗin ya gaza da ɗaruruwan zagaye. Ya ci gaba har 7,700, mita ta nuna 6.2.

Daga nan ya narka kakin kyandir kashi huɗu da kakin zuma kashi ɗaya a gwangwanin da ke zaune cikin ruwan zafi, bai bari ya wuce digiri 65 ba, ya tsoma maɗaukin har kumfa ta daina fitowa. Kakin yana riƙe zagayen kada su girgiza su riƙa kuka idan an ƙure ƙara, yana kuma toshe hanyar laima. Kafin ya liƙa wayoyi ya jona kowane maɗauki da mita mai allura, ya ɗora sukundireba a kan maganaɗisun ya fizge. Allurar ta yi tsalle ɓangare ɗaya a duka ukun, alamar cewa ba za su kashe wa juna sauti ba. Ya daidaita tsayinsu, milimita 2.4 a ɓangaren kauraran tsirkiyoyi da 2 a ɓangaren sirara.

Mayu: gurnanin da ba na jitar ba

Da dattijon ya buɗe bayan jitar ya tarar wayar da ke haɗa tsirkiyoyi da ƙasan da'irar ta saki daga ƙarfen da ke riƙe sifirin. Shi ya sa taɓa tsirkiya bai rage gurnani ba. Ya liƙe ta, gurnanin ya ragu sosai. Amma kwana biyu da komawa gida malamin ya kira yana cewa tsirkiyoyi suna ɗan jan sa idan yana tsaye ba takalmi, musamman in an tayar da janareta.

Laifin ba na gyaran ba ne. Soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa, kuma filogin amfilifayar an daɗe da karye masa ƙafa ta uku. Wutar da ke yoyo a jikin amfilifayar ba ta da wajen zuwa, sai ta bi kebul zuwa tsirkiyoyi, daga nan ta bi jikin mutum. Sakin waccan wayar ne ya ɓoye hatsarin duk tsawon watannin nan. An kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa a tsakar gida, ya ja waya zuwa soket da jikin janareta, aka canza filogi. Jan ya daina. Ɗan gurnanin da ya rage na ƙirar ne, domin maɗauki mai naɗi ɗaya dole ya tsinci kaɗawar wutar gida, wadda a nan sau 50 ce a daƙiƙa, kuma tunda an naɗa na tsakiya irin na asali, matsayi na biyu da na huɗu ba sa kashe ta kamar yadda suke yi a jitocin zamani.

Damina da hunturu na biyu

A Agusta aka cire soson aka sa ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima. Wuyan ya ɗan koma baya, tsirkiyoyi suka fara taɓa ƙarafunan farko, aka sassauta notin rubu'in zagaye. Bakunan ƙarafunan sun koma ciki da damina amma ba duka ba, kuma dattijon ya ƙi goge su sai a Janairu, lokacin da katako ya kai iyakar tsukewarsa, don a yi sau ɗaya a huta. A wannan zama ya sake auna maɗaukan uku da safe cikin sanyi, suka ba da 5.8 da 5.8 da 5.9.

Hukunci

Ciwon asali guda ɗaya ne, tsatsar da ta ci waya daga ciki, kuma babu wata dabara da za ta ceci wannan naɗi. Da a zagayen waje ya tsinke, da warware 'yan zagaye kaɗan ya wadatar, kuma a ganina kuskure ne a sa reza kafin a gwada hakan, ko da yake a nan abin da aka gani bayan yankan ya wanke mai naɗin. Mai rediyon ya gano ciwon daidai cikin minti biyar. Inda ya kauce shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya shiga rami ya dace da shi, da kuma cire mamurɗin da wanki kawai yake buƙata. Mai naɗin fanka hannunsa ba shi da laifi, kayan aikinsa ne ba na wannan aiki ba. Soson ƙarfe da man feshin malamin ba su kashe komai ba, sun dai ƙara wa na gaba aiki.

Abin da ya bambanta aikin dattijon ba wani sirri ba ne. Ya ɗauki lafiyayyun maɗaukai biyun a matsayin ma'auni, daga gare su ya karanta fuskar maganaɗisu da hannun naɗi da adadin da za a tsaya, kuma ya raba matsaloli huɗu da suka cakuɗe a kunnen mai jitar, wato naɗi da datti da katako da wutar gida, ya bi kowace a lokacinta. Fiye da rabin watannin da aikin ya ci a hannunsa jira ne, na waya da na katako.

Ta fuskar masu tara tsofaffin jitoci an yi asara, domin maɗaukin da aka sake naɗawa ba ya kai darajar wanda ba a taɓa ba, kuma haɗin dalma na masana'anta ya tafi a wurare da dama. Amma faifan da maganaɗisun da mamurɗai uku duk na 1977 ne, abin da ba zai yiwu ba da ledar nan ta tafi bola. Hular da ta tsage an liƙe ta ta ciki tana aiki. Dattijon ya rubuta adadin zagaye da lambar waya da zafin ranar da aka auna a wata 'yar takarda, ya sa a aljihun akwatin tare da guntun tsohuwar wayar da ta yi kore, maɗaukin Sin kuwa malamin ya mayar wa mai rediyo.